Aron Gari da Barin Labarinsa: Tarken Fina-finan Tarihi Huɗu Daga Daura

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2024 ne kwamitin da ke zaɓar wa Nijeriya fim ɗin da zai wakilce ta a gasar Oscar ta ƙasar Amurka ya tsayar da Mai Martaba, fim ɗin Hausa wanda Prince Daniel, da aka fi sani da Aboki, ya ba da umarninsa. Labarin ya yi wa masu sha'awar fim na Arewa daɗi, ya kuma fi yi wa mutanen Daura, domin a ƙasarsu aka ɗauki fim ɗin. Bai kai ga shiga jerin fina-finan da alƙalan gasar suka tace ba, amma wannan bai rage masa ƙima a wurin mai kallo na gida ba. Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa yana cikin aikin kansa. Fim ne a kan gimbiyar da mahaifinta ya ce ita za ta gaje shi, a wata masarauta da aka ƙirƙira aka sa mata suna Jallaba, sa'an nan aka je aka ɗauke shi a garin da jerin sarakunansa ya fara da mata. Wato an ari garin Daurama don a ba da labarin wata sarauniyar da ba a taɓa yi ba.

Wannan ne ya sa na jera fina-finai huɗu na kalle su kusa da juna, biyu tsofaffi biyu sababbi: Shaihu Umar na 1976, da Sarraounia na 1986, da Amina na 2021, da Mai Martaba na 2024. Dukkansu sun waiwayi ƙasar Hausa ta kafin mulkin Turawa ko ta bakin zuwansu, kuma a cikin kowannensu akwai macen da nauyin labarin ya hau kanta. Ma'aunin da na auna su da shi ɗaya ne. A ƙasar Hausa, mulki da daraja da gaba da sulhu duk da baki ake fara su, da baki kuma ake ƙare su. Takobi yakan shigo ne a tsakiya, idan magana ta ƙi. Saboda haka fim ɗin tarihi yana samun ƙarfi ne gwargwadon yadda ya iya sauraron mutanensa. Ra'ayina shi ne sababbin fina-finanmu sun fi na da ido, na da kuwa sun fi su kunne, kuma labarin Daura shi ne jarrabawar da za ta nuna ko masu fim za su iya haɗa biyun.

Shaihu Umar: fim mai haƙuri

Asalin Shaihu Umar littafi ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga baya fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, har sai da aka tono faifansa daga ma'ajiyar fina-finai ta gwamnati, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Da yawa daga cikin matasan da ke kallon fim a wayoyinsu a yau ba su ma san an taɓa yinsa ba.

Tsarin labarin mai sauƙi ne. Malami ne zaune a tsakiyar almajiransa a garin Rauta, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Aka kori Makau daga gari, aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya isa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi zuwa Masar, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyar kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, aka bi da ita hanyar ayari zuwa arewa. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba bayan saduwar ta cika.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗuwar Makau. Ba a zare masa takobi ba, ba a yi masa kwanton ɓauna ba. 'Yan'uwansa fadawa ne suka ga sarki yana ji da shi, suka haɗa baki suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a wurin hari. Da magana aka rushe gidansa, daga wannan maganar kuma duk sauran musibun labarin suka tsiro. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma wannan fitowa ta fassara karin maganar fiye da duk wani dogon bayani. Adamu Halilu bai yi gaggawa ba. Ya bar gaisuwa ta kai ƙarshenta, ya bar mai magana ya yi kewaye-kewayensa kafin ya kai ga manufarsa, ya bar shiru ya yi aikinsa. Mai kallon da ya saba da fina-finan yau zai ce fim ɗin yana jan ƙafa, kuma a wasu wurare gaskiyarsa ne, domin ya haura sa'a biyu. Amma wanda ya daure zai ji yadda fada take numfashi.

Fim ɗin yana da aibinsa, kuma aibin ya gado shi ne daga littafin. Ya yi wa bauta sassauci. An nuna Abdulkarim a matsayin mai kirki, an kuma lulluɓe duk abin da ya sami yaron da mayafin ƙaddara, har mai kallo yakan manta cewa mutane ne suka tsara kasuwar da aka sayar da uwa da ɗanta a cikinta. Duk da haka, mahaifiyar Umar ta fi ƙarfin wannan sassauci. Ba ta da sarauta, ba ta da doki, ba ta taɓa riƙe makami ba, amma ita ce jarumar labarin, ko da yake sunan ɗanta aka sa masa. A cikin matan fina-finai huɗun nan, ita ce na fi yarda cewa ta taɓa rayuwa.

Sarauniyoyi biyu da aka sauya wa harshe

Shekara goma bayan Shaihu Umar, Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya fito da Sarraounia, wanda ya ɗauko daga littafin da Abdoulaye Mamani na Jamhuriyar Nijar ya buga a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta garin Lugu da ke yankin Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Wannan runduna ta bar ƙonannun garuruwa da gawawwaki a bayanta, musamman a Birnin Ƙonni, kuma ƙarshenta ya zo ne a yankin Tasawa, arewa da ƙasar Katsina da Daura, inda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kafin sojojinsu su juya su kashe shi da abokinsa a watan Yuli na shekarar. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987, kuma ya cancanta. Faɗin hotonsa da yadda ya tona asirin haukan mulkin mallaka har yau suna girgiza mai kallo.

Sai dai Bahaushen da ya zauna kallonsa zai ji wani abu ya ɓace. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba da Hausa sarauniyar take magana ba. Ban da haka, da labarin ya yi nisa sai kyamara ta bar ta ta bi Turawan, har ya zama mun fi sanin abin da ke cikin zuciyar Voulet fiye da abin da ke cikin tata. Abin da ya tsorata sojojin haya na rundunar shi ne sunanta da labarin asirinta da ke yawo a bakin mutane tun kafin su isa Lugu. Wannan ƙarfi ne na magana, kuma fim ɗin ya gane haka, amma ya ba mu shi a cikin harshen da ba a yi maganar da shi ba.

Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda aka saki a Netflix a 2021, ya fi wannan nisa da gida. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin sarauniyar Zazzau, Ali Nuhu kuma yana cikin taurarinsa, amma da Turanci ake magana daga farko har ƙarshe. An kashe kuɗi a kan tufafi da dawaki da fagen yaƙi, har ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022. Abin da tarihi ya ajiye a kan Amina kaɗan ne: ambaton da Tarihin Kano ya yi mata, da abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, sai kuma ruwayoyin baka da ganuwoyin da ake jingina mata. Inda bayani ya yi ƙaranci, dole marubuci ya cike giɓi, kuma babu laifi a cikin haka. Laifin yana wurin da aka ɗebo abin cikon. An ɗebo shi daga fina-finan Rumawa da na jaruman Amurka, har da filin da bayi ke gwabzawa jama'a na sowa. Fadar da ke cikin fim ɗin ba ta da habaici, ba ta da kirarin da zai tayar da tsikar jiki, ba ta da ladabin da talaka ke ɓoye ƙin yardarsa a ciki. An ba Amina takobi an karɓe mata baki. Zanen aro ba ya rufe katara, ko da kuwa na alharini ne.

Mai Martaba: abin da aka samu da abin da aka bari

Idan aka zo daga waɗannan biyun, Mai Martaba kamar komowa gida ne. Da Hausa aka yi shi, Hausawa ne suka fito a cikinsa, da fitattu irin su Adam A. Zango da sababbin fuskoki masu yawa, kuma a ƙasar Hausa aka kafa kyamara. Rairayin arewacin Katsina da ginin laka da faɗin sararin samaniyarsa sun ba hoton wani kwarjini da ba a samu a ɗakin da aka yi wa ado da katako. Harshen ma ya zama jari. A 2019 an fitar da fim ɗin Lionheart daga gasar Oscar saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa, alhali rukunin da aka shigar da shi na fina-finan da ba na Turanci ba ne. Fim ɗin da Nijeriya ta tura bayansa, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, mafi yawansa da Hausa ne. Ga shi kuma an sake komawa ga Hausa a 2024. Harshen da wasu ke ganin shi ne ke hana fim ɗinmu fita waje, shi ne ya buɗe masa ƙofa.

Duk wanda ya san inda Kannywood ta fito zai yaba wannan mataki. Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar ta fi zama a kan soyayya da rikicin gida. Ko da ta shiga gidan sarauta, kamar a fim ɗin Sangaya na 1999, fada takan zama wurin da yarima zai so baiwar gidansu a rera waƙa. A Mai Martaba kuwa gadon sarautar kansa ne abin jayayya, kuma wannan ci gaba ne na gaske.

Matsalar tana cikin Jallaba. Sarki ya ayyana 'yarsa Sangaya a matsayin magajiyarsa, waɗanda ke ganin gadon nasu ne suka tashi, rikici ya ɓarke. Amma mai kallo ba shi da ma'aunin da zai auna wanda ke da gaskiya, domin masarautar ba ta da dokar da muka sani tun kafin mu zauna kallo. A masarautun Hausa na haƙiƙa, sarki ba ya naɗa magajinsa shi kaɗai. Yana iya nuna wanda yake so ta hanyar ba shi sarauta irin ta Ciroma ko Yarima, amma idan ya rasu magana tana komawa hannun masu zaɓen sarki, kuma a nan ne ake yin siyasar da ta fi kowane yaƙi zafi: wa ya auri 'yar wa, wane gida ne ya daɗe bai yi ba, wa sarakunan yaƙi za su bi, wa malamai za su yi wa addu'a. Masarautar da aka ƙirƙira ba ta da wannan tsohon bashi a kanta, don haka rikicinta yakan koma na mutum da mutum, na mai kirki da mugu.

Haka kuma zamanin labarin a buɗe yake. An ce lokacin cinikin hamada ne, amma wannan ciniki ya ɗauki ɗaruruwan shekaru, kuma Bahaushen zamanin Muhammadu Rumfa ba shi ne na zamanin Shehu Usmanu ba, a sutura da makami da addini da ma irin tsoron da ke hana shi barci. Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar Daura. A Jallaba, naɗa mace sabon abu ne mai tayar da ƙura. A garin da aka ɗauki fim ɗin kuwa, da a ce an yi haka, komawa ce ga mafari. Masu fim sun tsaya a kan amsar tambayarsu ba su duba ƙasa ba.

Daren maciji da abin da ya biyo bayansa

Girgam na Daura ya fara ne da jerin sarauniyoyi, tun daga Kufuru, waɗanda suka yi mulki a Tsohon Birni kafin Daurama ta dawo da gari inda yake a yanzu. Sauran labarin kowane ɗan firamare ya san shi. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu, ya je da dare ya sare kan macijin. Rijiyar tana nan a cikin gari har yau, baƙi suna zuwa ganinta.

Da za a ba mai fim na yau wannan labari, na tabbata a kan macijin zai kashe rabin kuɗinsa, a ƙera shi da kwamfuta ya cika allo. Alhali kuwa kashe macijin aikin dare ɗaya ne, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin labarin. Wasan yana farawa ne da gari ya waye. Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, maƙaryata suka yi ta zuwa suna cewa su ne, har aka gano baƙon. Shi kuma ya ƙi rabin gari ya ce aure yake so, wanda duk mai hankali ya san ya fi rabin gari tsada. Ga sarauniya da al'adar sarautarta ta nisanta ta da maza, ga alkawari da ta yi a bainar jama'a, ga baƙo da ya fi ƙarfin abin da ya fi ƙarfin garinta. Sai ta ba shi baiwa, Bagwariya, wadda wasu ruwayoyi suka ce an ba shi ita ne don ta koya masa harshe, domin sunan Bayajida kansa ana fassara shi da cewa ba ya ji da. Baiwar ta riga uwargijiyarta haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Da Daurama ta haihu sai ta sa wa nata Bawo, wato a bawo garin, a dawo da shi ga masu shi.

Mata biyu sun yi jayayya a kan gadon sarauta, kuma makaminsu sunan jarirai ne. Babu marubucin fim ɗin da zai ƙirƙiro abin da ya fi wannan. A cikinsa akwai kishi, akwai siyasa, akwai tambayar wane ne ɗan gari wane ne baƙo, akwai kuma yadda mulki ya fita daga hannun mata ya koma na maza ba tare da an zubar da jini a gaban fada ba. Sarautar Magajiya da ta wanzu a Daura tana nuna cewa matan ba su fita hannu sake ba, sun riƙe wani abu. Masana irin su Abdullahi Smith sun yi gargaɗi kada a ɗauki labarin Bayajida a matsayin tarihin yadda aka kafa daulolin Hausa, kuma gargaɗin yana kan hanya. Amma mai fim ba alƙalin tarihi ba ne. Abin da ke gabansa shi ne ya gane dalilin da ya sa al'umma ta zaɓi ta tuna da kanta ta wannan siga.

Wanda kuma ya fi son abin da aka rubuta da kwanan wata, Daura ta tanadar masa. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta rabu har aka sami gidajen sarauta a Zango da Ɓaure, kowanne yana ganin shi ne Daura ta gaskiya. Suka yi kusan shekara ɗari a tsakanin ƙarfin Damagaram daga arewa da na daular Sakkwato daga kudu, sai a 1906 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a birnin kakanninsa. M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan al'amuran Daura, aka buga shi a 1978. Gidan sarauta da ya yi ƙarni guda yana jiran komawa gida, yana biyan gaisuwa ga wani sarki don ya tsira, yana renon 'ya'yan da ba su taɓa ganin garin da ake ce musu nasu ne ba, wannan ya ishi fim, ya ishi shiri mai dogon zango.

Uzurin masu fim

Adalci ne a ji ta bakin waɗanda suka gwammace su ƙirƙiri Jallaba. Uzurinsu na farko shi ne tsoron taɓa masu rai. Jikokin kowane ɓangare na rikicin ƙarni na 19 suna nan, suna riƙe da sarautu, kuma kalma ɗaya da aka sa a bakin kakan wani tana iya zama abin ƙara. Na biyu shi ne addini. Labarin Daurama na zamanin da ake ba maciji girma ne, kuma masana'antar da ke aiki a ƙarƙashin idon hukumomin tace fina-finai, irin wadda aka kafa a Kano a 2001, tana taka-tsantsan da duk abin da zai yi kama da ɗaukaka tsafi. Na uku shi ne maganar Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Ruwayar ta mai da zuriyar Bawo 'ya'yan sarauniya, ta jingina ƙasashe irin su Kabi da Zamfara da Nupe da Gwari ga ɗan baiwa, kuma babu wanda zai so a ce da shi banza a gaban duniya. Na huɗu kuɗi ne. Shiri mai dogon zango irin su Labarina da Izzar So yana buƙatar falo da mota, fim ɗin tarihi kuwa yana buƙatar dawaki da lifidi da ɗaruruwan mutane da za a ciyar.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma idan aka duba da kyau, uku na farko su ne ainihin abin da zai sa fim ɗin ya yi daraja. Fim ɗin da zai ba Bagwariya bakin magana, ya bar ta ta faɗi yadda take ganin garin da aka kawo ta bauta, zai warkar da abin da kalmar banza ta ɓata fiye da yin shiru a kanta. Fim ɗin da zai nuna mutanen Zango da na birni kowa da hujjarsa, babu mugu babu waliyyi, zai girmama kakannin kowa. Shaihu Umar ya nuna hari da cinikin bayi a hannun Musulmi, marubucinsa kuma shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, sama ba ta faɗo ba. Maganar kuɗi ma tana da amsa a cikin wannan tsohon fim: fitowar da ta fi kowace ƙarfi a cikinsa mutane ne zaune a gaban sarki suna magana. Doki yana da tsada, amma zance mai kyau haƙurin rubutu kawai yake ci.

Kammalawa

An ce gani ya kori ji, kuma da alama masu fim na wannan zamani sun riƙi maganar fiye da kima. Daga Shaihu Umar zuwa Mai Martaba hoto ya gyaru, sauti ya fito, tufafi sun yi kyau, harshe kuma ya dawo bayan yawon da ya yi a Sarraounia da Amina. Abin da ya rage shi ne a koma ga sauraro. Marubucin da ke son rubuta fada ya je ya zauna a ƙofarta, ya ji yadda bafade ke isar da saƙon da ba a so, yadda maroƙi ke yabon da ke ɗauke da gargaɗi, yadda tsofaffin matan gidan sarauta ke ba da tarihin da ba ya cikin littafi. Ya halarci hawan Sallar Gani ya lura da wanda ke gaba da wanda ke baya, ya tambayi dalili. Malaman tarihi da na Hausa suna nan a Kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura da jami'o'in Katsina da Kano da Zariya, kuma shawararsu ba ta kai kuɗin hayar doki goma ba.

Yaran Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure sun fi samun labarin da a allon waya fiye da bakin kakanninsu, kuma abin da allon ya nuna musu shi za su ɗauka a matsayin kamannin magabatansu. Mai Martaba ya tabbatar da cewa ana iya kawo kyamara Daura a yi aikin da za a kai gaban duniya. Wanda zai biyo bayansa, idan ya zo, ya tambayi masu garin labarinsu kafin ya buɗe jakar da ya zo da ita.